Shekarar da Na Kashe Mai Kofato

Tun da na ajiye buroshi babu irin bayanin da ban ji an yi a kaina ba, kuma abin haushin, yawancinsa daga cikin gidana yake fitowa. Ranar wani suna da aka yi a gidan nan ina kwance a ɗaki, ana zaton barci nake yi, na ji ɗayanku yana gaya wa baƙi wai kishin kwamfuta ne ya kama Baba, shi ya sa ya bi kasuwanni yana ɓata sana'ar ɗansa. Wata kuma ta ce a'a, tsufa ne, kun san tsoho da rigima. Na so in fito da sanda, sai na tuna ba ni da ƙafar bin kowa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda aka yi, tunda rubutu dai shi ne abin da na iya. Wanda ya karanta ya ci gaba da faɗin abin da ya ga dama, shi da Allah.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga allunan leda da inji ke tofarwa, ba ku san yadda ake rubuta allon shago a da ba. Ina saurayi na yi zaman Kano a wata 'yar maɗaba'a, a can na tarar da wasu tsofaffin haruffan katako cikin akwati, irin waɗanda ake buga manyan sanarwa da su tun zamanin Turawa. Haruffa ne masu kauri, babu yanga babu ƙwalisa, kowace ƙafa ta harafi ta ƙare da wani dunƙule mai faɗi a kwance, kamar an dasa ta a ƙasa. Na zana su a kwali har hannuna ya haddace su. Da na dawo Dutsin-Ma na kama rubuta alluna, ban taɓa yin wani iri ba. In buga layi da zare da alli a jikin kwano, in shimfiɗa rawaya, in ɗora baƙi mai kaurin tafin hannu, in bi gefensa da ja. Daga saman motar kaya mutum zai hango shi tun bai shigo gari ba. Mutanen ƙauye ne suka raɗa masa suna, ba ni ba. Suka ce rubutun nan kofato gare shi kamar saniya, sunan kuwa ya bi shi.

Yadda mai kofato ya zama shaidar gaskiya kuwa, kada wani ya gaya muku waliyyi ne ubanku. Fushi ne ya fara ta. Wani mai hatsi ya zo in rubuta masa allo, ni kuwa na san shi, shi ne ya taɓa auna wa kakarku gero da tiyar da aka bubbuge gindinta ya shige ciki. Na ce masa ya je ya gyara tiyarsa tukuna sannan ya dawo. Na faɗa da ƙarfi, ranar kasuwa ce kuma, kafin la'asar magana ta zaga cewa Garba Fenta ba ya rubuta wa macuci. Da na ga an ɗora mini wannan rawani sai na ji kunyar sauke shi. Daga ranar, duk wanda ya kawo aiki sai na bincika. In shiga shagonsa in zauna, in duba ma'auni, in tambayi maƙwabta. Na kori aiki da yawa a kan haka, uwarku Rabi tana nan da ranta, ku tambaye ta sau nawa ta yi mini mitar cewa gaskiyar mutanen kasuwa ba ta sa tukunya tafasa.

Abin da ba ku gane ba shi ne, mutanen Tamawa da Kuki da sauran ƙauyukanmu na wancan lokaci, malamai ne a allo da Alƙur'ani, amma boko sai dai kallo. Ba su karanta abin da na rubuta. Siffar suke karantawa. Mutum zai aiki matarsa ko ƙanensa kasuwa, ba zai faɗi sunan mai shago ba, cewa zai yi ka nemi mai kofato ka shiga. Taki ne, iri ne, maganin feshi ne, in dai akwai kofato a saman ƙofa, sun ɗauka Garba ya riga ya duba musu. Babban wanda ya ci moriyar wannan shi ne Alhaji Ɗanjuma mai taki a kasuwar Kurfi, kuma ya cancanta. Mutum ne da in buhu ya sha ruwa zai gaya maka tun ba ka tambaya ba. Abokina ne na ƙut da ƙut, tare muke cin tuwo duk ranar da na je Kurfi, kuma allonsa shi ne mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi.

Haka muke har jami'a ta zo gari, al'amura suka canza. Yayanku, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa na yanka ba sai dai in ce Magaji, ya koyo aikin kwamfuta, suka haɗa kai da abokansa suka kawo injin buga allon leda. Ku rubuta wannan ku ajiye: ban hana shi ba. Ni na sa masa albarka, ni na rubuta allon shagon nasa da hannuna, abin dariya, allon fenti a ƙofar masu kashe fenti. Aikina ya ragu, na sani, amma ban ce uffan ba. Abin da zan yi mako ina yi, su kafin a sha fura sun gama. Wa zai yi faɗa da wannan?

A damanar shekarar da nake ba ku labari, bayan wake ya yi fure, Mati mijin gwaggonku Hansatu ya zo daga Tamawa da hantsi. Mati mutum ne mai wasa, bai taɓa shigowa gidan nan bai tsokane ni ba. Ranar ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tsaya a zaure, ya dire wata farar jarka a gabana, ya ciro ganyen wake daga aljihu ya watsa a tabarma. Tsutsa ta cinye furen tas, ganyen ya zama kamar rariya. Ya ce ya fesa, ya sake fesawa, kamar yana yi wa ƙwarin wanka. Ba shi kaɗai ba, kusan duk unguwarsu a shago ɗaya suka saya, nan Dutsin-Ma bakin tasha. Na buɗe jarkar na shinshina, ruwa ne da kala da ɗan kananzir. Na ce to, Allah ya kiyaye gaba, amma ni mene ne nawa a ciki?

"Yo kai za a tambaya mana," in ji Mati. "Ba kai ka sa mashi kofato ba? Ni ban san mutumin ba, ban san garinsu ba. Kofatonka na gani na shiga. Da ba shi, wallahi ko kyauta ya ba ni ba ni amsa."

Na rantse masa ban rubuta wa kowa allo a bakin tasha ba tun bara. Bai yarda ba. Muka hau babur muka je. Shagon a rufe, mai shi ya kwashe kayansa ya yi gaba tun da ya ji ƙorafi ya fara yawa. Amma allon yana nan a sama, rawaya, baƙi mai kauri, ja a gefe, kowace ƙafa da kofatonta. Leda ce aka liƙa a jikin kwano. Ni da na san aikina na gane ba nawa ba ne, don ya yi santsi da yawa, babu sawun buroshi. Amma ku gaya mini yadda Mati, da idonsa da ya fara yana, zai gane wannan daga kan titi. A can ƙasa a kusurwa, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan shagon Magaji.

Ban san lokacin da na isa shagon nasu ba. Na shiga, wurin cike da ɗalibai, ban duba kowa ba, na ce da Magaji ɓarawo, ya sace kwalayen haruffana ya zuba a inji. Wannan kalma ita ce ya riƙe har yau, ita kuma ce kuke ta maimaitawa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ba ni kujera, ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, ya fara gangarawa. Sai ga mai kofato, ga wani mai kofato, ga siriri, ga mai ƙiba, ga mai inuwa, ga wanda aka yi wa zane-zanen tsufa da gangan kamar fenti ya ɓanɓare. Ya yi ta gangarawa ba su ƙare ba.

"Baba, ban taɓa kwalinka ba," in ji shi. "Tun kafin a haife ka aka zana waɗannan, kowace kwamfuta akwai su. Yanzu ma yayinsu ake yi, masu shayi da masu aski duk shi suke so, wai tsohon yayi. Mutum ya zo ya ce a yi masa irin rubutun Malam Garba, ni kuma aikina in buga."

Na tambaye shi ko ya shiga shagon mutumin ya duba abin da yake sayarwa. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya auna ruwan dam da ludayi. Ya ce shi mai buga allo ne, ba alƙali ba. Na ce to daga yau ya daina buga mai kofato. A nan ma, don ku san ban zo in ɓata shi ba, ya ce ya ji ya daina. Sai dai ya ƙara da cewa akwai masu inji a Katsina, akwai a Funtuwa, akwai wani ma da zai buɗe a layin bayansu, duk wanda ya kora can zai tafi. Na fito raina a ɓace fiye da yadda na shiga. Na zo da shirin kama ɓarawo, na tarar babu wanda zan kama. Abin da na yi shekaru ina ɗauka nawa ne, ashe aro ne, kuma kowa na iya ara.

Kwanakin da suka biyo baya gidan nan ya zama majalisa. Kowa da shawararsa, kuma duk wanda bai taɓa riƙe buroshi ba shi ya fi kowa sani. Aka ce in riƙa sa hannu a ƙasan allo. Na ce wa zai karanta? Aka ce in ƙara wata alama, tauraro ko tafin hannu. Magaji da kansa ya ce kada in wahalar da kaina, hoto ɗaya za a ɗauka da waya, gobe alamar tana kan leda. Aka ce a koya wa mutane bambanta fenti da leda. To ai rabin masu gaskiyar ma sun riga sun koma leda, da kofatonsu, don fentina yana koɗewa a rana. Rabi ta ce in yi shiru kawai, ba ni na sayar da ruwan kala ba, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Hansatu kuwa ta aiko daga Tamawa cewa bana ko waken da za su yi ƙosai ba su samu ba, kuma mata a bakin rijiya suna nuna ta suna cewa ga 'yar'uwar mai kofato. Ina zaune ina jin wannan, sai aka gaya mini an ga wani sabon mai kofato a kasuwar Kuki yana sayar da taki mai yashi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Duk ranar da na yi shiru, akwai wani Mati a hanya da zai ɗaga kai ya ga kofato ya shiga, don ni na koya masa haka. Ba Turawan da suka zana haruffan ba, ba Magaji ba, ni. Na yi shekaru ina gina wa mutane gada, yanzu ga ta ta ruɓe, ana ta hawa ana faɗawa, ni kuma an ce in zauna a zaure in ja carbi. Na ga babu wata hanya sai in rushe ta da hannuna. Na aro lasifika irin ta masu tallan maganin gargajiya, na ɗaure a bayan babur. Rabi ta fito ta same ni ina ɗaurawa, ta riƙe ƙugu.

"Malam, da furfurarka za ka koma mai tallan maganin basir? Su masu maganin ai sayarwa suke yi. Kai fa, zuwa za ka yi ka ce wa duniya kada a sayi naka."

Na ce mata haka ne, kuma ta matsa mini daga hanya. Tun daga kakar nan har rani na bi kasuwanni, Dutsin-Ma, Kurfi, Kuki, Tamawa, da ƙananan da ke tsakani. In tsaya kusa da 'yan hatsi in ce, jama'a, ni ne Garba Fenta, ni nake rubuta mai kofato. Daga yau kada wanda ya ƙara shiga shago don ya ga kofato. Inji yana yin irinsa, macuci yana iya saye. Ku buɗe buhu ku duba, ku tambayi wanda ya saya bara. Kuma Allah ne shaidata, a kowace kasuwa sai na lissafa sunayen masu gaskiya, Alhaji Ɗanjuma a kan gaba. Amma kun san mutanenmu da lasifika. Dogon bayani a kasuwa yake kwana, guntun ne ke hawa jaki ya tafi gida. Guntun da ya tafi kuwa shi ne, mai kofato ƙarya ne, mai shi ma ya faɗa.

Kafin damana ta zagayo maganar ta kama. Macuta suka ga kofato ya daina jawo kowa, suka sauke nasu suka koma wani rubutu mai lanƙwasa, ko a jikinsu. Masu gaskiya su suka sha duka. Alhaji Ɗanjuma ya zo har gida, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce mutanen da suka yi shekara da shekaru suna saye a wajensa yanzu sai su zo ƙofa, su ɗaga kai, su wuce.

"Garba, ka haɗa mai gaskiya da macuci ka yanka da wuƙa ɗaya," in ji shi. "Wa ka shawarta? Allon nan nawa ne ko naka?"

Na ce ya bari in zo in shafe allon in rubuta masa wani iri, kyauta. Ya ce allonsa ba zai sauka ba, shi bai cuci kowa ba, wanda ya yi ƙarya shi ke canza riga. Ya sa takalmansa ya fita. Daga ranar ko a jana'iza muka haɗu sai dai ya miƙo hannu yana kallon wani wuri. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yau kuma yana yi. Ga shi ba zan ce bai da gaskiya ba, ni ma kuma ba zan ce ban da ita ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Sauran kun gani da idonku. Babu wanda ya ƙara kawo mini allo, don wa zai biya a rubuta masa abin da ke korar masu saye? Wani iri kuma hannuna bai iya ba, na gwada siririn rubutu ya fito kamar sawun kaza. Magaji ya yi asarar masu shaguna da yawa, don a kasuwa cewa aka yi uban ma ya ce aikin ɗan ƙarya ne, abin da ban taɓa faɗa ba. Ya yi wajen shekara yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Na tattara gwangwanayen fenti na ba masu gini, na koma 'yar gonata ta hanyar Kurfi. Wani abin takaicin, har yanzu ɗaliban jami'a kan zo su same ni, wai a rubuta musu mai kofato da hannu a jikin katako su rataya a wurin shan shayi, har suna roƙo in bar fentin ya ɗan zuba don ya yi kama da na da. Ina korarsu. Ku kuma ku ce Baba ba ya son ci gaba.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, ko Rabi. Damanar da ta wuce wakena ya yi fure, ina bukatar maganin feshi, kuma duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya na yarda da jarkarsa. Na haɗiye girman kai na tafi Kurfi ranar kasuwa. Allon yana nan inda na kafa shi, rawayar ta koɗe, amma baƙin yana tsaye da ƙafafunsa. Alhaji Ɗanjuma yana zaune a ƙofa kan buhu, ya tsufa, shagon babu kowa. Ina shirin taka dakali sai wata dattijuwa da ƙwarya a ka ta tare ni, irin matan ƙauyen nan masu son mutane.

"Malam, kada ka shiga nan. Ba ka ga kofato ba?"

Na tambaye ta wa ya gaya mata kofato abin gudu ne.

"Shi mai rubutun da bakinshi," in ji ta. "An ce da shi ake haɗa baki ana cutar talakawa. Da ciwo ya kama shi sai ya tuba, ya bi kasuwa-kasuwa shina neman gafara. Allah dai shi amshi tubarshi."

Ban san ta inda zan fara ba, ta tiyar mai hatsi, ko ta jarkar Mati, ko ta ciwon da ban taɓa yi ba. Alhaji Ɗanjuma ya ji komai. Shekarun nan duka bai ce mini ci kanka ba, sai ranar ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido.

"To Garba," in ji shi, "ka ce amin mana."

Na ce amin. Na taka dakalin na shiga, ya tashi da ƙyar ya ɗauko mini jarkar. Ina jin matar a waje tana gaya wa ta kusa da ita cewa wasu tsofaffin ba su jin gargaɗi.